Ƙuri'ar Maraɗi, Ƙuri'ar Katsina

Duk wanda ya saba bin titin Oxford da ƙafa daga jami'a zuwa Rusholme ya sha wuce bakin wani ɗan titi mai suna Nelson, dab da babban asibitin Manchester, ba tare da ya waiwaya ba. A gida mai lamba 62 na wannan titi ne Emmeline Pankhurst ta tara wasu mata 'yan ƙalilan a falonta ranar 10 ga Oktoba 1903, suka kafa ƙungiyar da ta hana gwamnatin Birtaniya barci shekara goma kan neman ƙuri'ar mata. 'Yarta Christabel ta karanta shari'a a wannan jami'ar da da yawanmu muke ciki, ta fita a 1906 da sakamako mai daraja ta ɗaya, amma dokar lokacin ba ta yarda mace ta yi aikin lauya ba. Takarda tana hannunta, ƙofar kotu tana rufe. Sai a 1918 aka ba wa matan da suka kai shekara 30 kuma suka cika sharaɗin dukiya damar zaɓe, sannan a 1928 aka daidaita su da maza.

Idan mutum ya juyo ya nufi cikin gari, zai isa All Saints, inda tsohon ɗakin taron Chorlton-on-Medlock yake. A can aka yi babban taron haɗin kan Afirka karo na biyar a watan Oktoban 1945, wanda su Kwame Nkrumah da Jomo Kenyatta da Hastings Banda suka halarta. Mako guda aka yi ana maganar 'yancin baƙar fata. Mata biyu ne kaɗai suka yi jawabi, Amy Ashwood Garvey da Alma La Badie, kuma Amy sai da ta tunatar da mazan cewa sun manta da halin da mace baƙar fata take ciki. Masu neman 'yanci ma sukan manta da na kusa da su.

Ba mu kawo wannan tarihi don mu ce a je a kwaikwayi Turawa ba. Darasin da ya fi damunmu yana can gida, a kan hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi ta Jibiya da Ɗan Isa ta shiga Maraɗi, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba.

Mutanen Katsina da na Maraɗi jini ɗaya ne. Harshe ɗaya, addini ɗaya, mazhaba ɗaya, auratayya kuwa ba ta taɓa yankewa ba. Sarkin Maraɗi har yau Sarkin Katsina ake ce masa. Amma a 1956 Faransa ta yi dokar da ta ba kowane baligi, namiji da mace, ƙuri'a a ƙasashen da take mulka, don haka Bahaushiyar Maraɗi tana da ikon jefa ƙuri'a a zaɓen 1957, wanda jam'iyyar Djibo Bakary, wadda aka sani da Sawaba, ta lashe. 'Yar uwarta ta Katsina sai da ta jira har 1976, lokacin da gwamnatin soja ta yi wa ƙananan hukumomi garambawul, kuma sai a 1979 ta fara zaɓen shugaban ƙasa. Shekara ashirin ke nan tsakanin ya da ƙanwa. Wanda ya ce al'ada ce ta hana, ko addini, to, sai ya gaya mana wace al'ada ce ake yi a Jibiya wadda ba a yi a Ɗan Isa. Abin da ya bambanta su shi ne doka, da waɗanda suka zauna suka rubuta ta.

Akwai wani abu a tarihin nan da ba a cika faɗa ba. A zaɓen tarayya na 1959 Arewa tana da kujeru 174 daga cikin 312, domin an raba kujerun bisa yawan jama'a, kuma a yawan jama'ar nan an ƙidaya mata. Wato an lissafa kan iyayenmu mata don a sami rinjaye a Legas, ranar zaɓe kuma aka bar su a tsakar gida. Jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano ta nemi a ba mata ƙuri'a, NPC mai mulki ta ƙi. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta shiga NEPU a Zariya tana 'yar shekara 17, ta biya kuɗin wannan gardama da jikinta: an doke ta, an aske mata kai, an kore ta daga Kano, an ɗaure ta sau 16 kamar yadda masu tarihinta suka ruwaito. Yau akwai babban asibiti mai sunanta a Zariya. Sa wa gini suna abu ne mai sauƙi. A 1975, da aka naɗa kwamitin rubuta sabon tsarin mulki, mutum 50 aka zaɓa, babu mace ko ɗaya a cikinsu.

To, ƙuri'a ta samu. Kusan rabin masu rajistar zaɓen 2023 mata ne, kashi 47.5 cikin 100 na mutum sama da miliyan 93. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar zaɓe a Fagge ko Tudun Wada ya san layin mata yakan fi na maza tsawo, kuma su suke jure rana da goyo a baya. Amma da aka rantsar da majalisa ta goma, mata uku ne a cikin sanatoci 109, kotu ta ƙara ta huɗu daga baya. A majalisar wakilai mai kujeru 360 ba su kai 20 ba. Majalisar dokokin Kano tana da kujeru 40, ta Katsina 34, ta Sakkwato 30, kuma zaɓen 2023 bai kai mace ko ɗaya cikinsu ba. Har yau ba a taɓa zaɓen mace gwamna a Nijeriya ba. Aisha Alhassan ta kusa a Taraba a 2015, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta ba ta nasara, kotun ɗaukaka ƙara ta soke. Aishatu Binani ta kusa a Adamawa a 2023, lamarin ya ƙare da wata shela ta gaggawa da kwamishinan zaɓen jihar ya yi tun ba a gama tattara sakamako ba, hukumar zaɓe ta ce ba da yawunta ba. Nasarar da aka samu ita ce ta mataimakiyar gwamna, irin ta Dokta Hadiza Balarabe a Kaduna tun 2019.

Mu sake leƙa Nijar. A zaɓen 1999 mace ɗaya ce a majalisa mai kujeru 83. A shekara ta 2000 aka yi dokar da ta ware wa kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi. A zaɓen 2004 mata suka zama 14 cikin 113. An ɗaga kason zuwa 15 a 2014, sannan zuwa 25 a 2019, kuma majalisar da juyin mulkin Yulin 2023 ya rusa tana da mata sama da kashi ɗaya bisa huɗu. Senegal, wadda Musulminta suka haura kashi 90 cikin 100, ta yi dokar raba daidai a 2010, zaɓen 2012 ya kawo mata 64 cikin 150. Ba mu ji an rufe masallatan Touba ko na Zinder saboda haka ba.

Mai karatu zai iya cewa: ai matanmu ne ba su da sha'awa, ko ba su kai ba. Mu duba wuraren da ƙofar shiga jarrabawa ce da ƙwarewa. Mai shari'a Aloma Mariam Mukhtar daga Kano ta zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya a 2012, mace ta farko. Mai shari'a Zainab Bulkachuwa ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 2014 zuwa 2020. Mai shari'a Dije Aboki ta zama Babbar Jojin Kano a 2023. Zainab Ahmed ta riƙe ma'aikatar kuɗi daga 2018 zuwa 2023, Amina Mohammed kuma ita ce mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2017. Ba sai mun yi nisa ba ma. Ku dubi ɗakunan bincike na titin nan da asibitocin Manchester da Birmingham, ku ƙirga 'yan uwanmu mata masu digiri na uku da likitoci da masu haɗa magunguna. Inda aka ce a zauna a rubuta, suna wucewa. Inda aka ce sai daliget ya ɗaga hannu, nan suke maƙalewa. Ruwa ba ya tsami banza.

Ƙofar siyasarmu an yi ta daidai da rayuwar namiji mai kuɗi. A 2022 fom ɗin takarar gwamna a APC naira miliyan 50 ne, na sanata miliyan 20, na ɗan majalisar wakilai miliyan 10. Manyan jam'iyyu sukan yi wa mata rangwame ko su yafe musu kuɗin fom, abin da ake yabawa a jaridu. Amma fom shi ne mafi arha a harkar. Bayansa akwai daliget, akwai motoci, akwai 'yan jagaliya, akwai uban gida. Kuma rangwamen kan zama sanda: ranar sasanci sai a ce wa wadda ba ta biya ba ta janye wa wanda ya zuba dukiyarsa. An ba ta da dama, an karɓe da hagu. Ita shawarar da ke da muhimmanci kuwa ba a sakatariyar jam'iyya ake yanke ta ba da rana tsaka. A falon wani babba ake yanke ta, ƙarfe biyun dare. Matar aure da ta je wannan zama, kafin gari ya waye an sa mata suna. Wadda ba ta je ba, za ta ji sakamako a rediyo. Namiji ɗan takara ana zaginsa da sata ko gazawa, mace kuwa da mutuncinta ake fara wa, shi ya sa uba da miji da yaya suke hana ta tun kafin abokin hamayya ya buɗe baki. Muƙamin da aka tanadar mata shi ne shugabar mata, aikinta tara jama'a, raba atamfa da taliya, da rangaɗa guɗa in ɗan takara ya iso.

Sai kuma maganar asali. Mace in ta yi aure a wata jiha, jihar mijinta ta ce baƙuwa ce, jihar ubanta ta ce ai ta tafi. A 2012 an dakatar da rantsar da Mai shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara saboda an haife ta a Anambra, gurbin kuwa na Abiya ne, jihar mijinta inda ta yi shekaru tana alƙalanci. Abin ban takaici, Mai shari'a Aloma ce ke kan kujera a lokacin, ƙa'ida ta ɗaure mata hannu, sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce kafin a rantsar da ita. 'Yar Kano da ke aure a Zamfara tana cikin wannan tarko har gobe.

Ranar 1 ga Maris 2022 majalisar tarayya ta sami damar gyara wasu daga cikin waɗannan. Ƙudurori biyar da suka shafi mata suka zo gabanta a gyaran tsarin mulki, ciki har da na kujeru na musamman, da na kashi 35 cikin 100 na shugabancin jam'iyyu, da na ba mace asalin jihar mijinta bayan shekara biyar da aure. Duka biyar aka kayar. Mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa. Mu mazauna waje ya kamata mu tuna ranar nan da kyau, domin a zaman nan ne aka kayar da ƙudurin da zai ba mu damar yin zaɓe daga inda muke. Mun ɗanɗana abin da ake nufi da a karɓi kuɗinka a ƙidaya kanka, a hana ka ƙuri'a.

Ba mu ce namiji da mace abu ɗaya ne ba. Mace ke ɗaukar ciki, ita ke shayarwa, kuma a gidajenmu ita ke jinyar yaro da tsoho. Tambayar ita ce me hukuma da jam'iyya da ma'aikata suke yi da wannan bambanci: suna tsara aiki yadda zai ɗauke shi, ko suna mai da shi katanga? Haka nan ba mu raina damuwar masu kawo hujjar addini ba. Malamai sun yi magana mai tsawo kan shugabancin al'umma na ƙoli, kuma wannan shafi ba zauren fatawa ba ne. Amma kansila da ke bibiyar rijiyar burtsatse da ɗakin haihuwa ba halifa ba ce, 'yar majalisar da ke duba kasafin kuɗin ilimi ba limamiya ba ce. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis, ta tura su ƙauyuka suna karantar da mata a tsarin 'Yan Taru, kuma sarakunan zamaninta suna jin shawararta. Ba a Landan aka koya mata ba.

Dole kuma mu faɗi gaskiya kan ware kujeru, tun da maganar ta sake dawowa majalisa. Masu suka sun ce matan manya da 'ya'yansu ne za su cike su, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Kason Nijar bai hana aurar da ƙananan yara ba, bai hana juyin mulki ba. Ƙara kujeru ƙara kashe kuɗi ne a majalisar da tuni ta yi wa talaka nauyi. Duk mun yarda. Sai dai kujerun maza ma 'ya'yan manya ne suka cika su, ba mu ji an ce a soke su ba. A nan Birtaniya, shekara 79 bayan ƙuri'ar farko, sai da jam'iyyar Labour ta ware wasu mazaɓu ta ce mata kaɗai za su nemi tikiti, sannan zaɓen 1997 ya kawo mata 120 majalisa, ninki biyu na wanda ya gabace shi. A 2024 sun kai 263 cikin 650, kuma ɗaya daga cikinsu, Shabana Mahmood ta Birmingham Ladywood, Musulma ce da aka ba ma'aikatar shari'a a wannan shekarar ta 2024. Ra'ayinmu shi ne a ware kujerun na wani wa'adi, amma a haɗa da abin da ya fi su wuya: a rage kuɗin takara, a tilasta zaɓen fid da gwani a fili da rana, a warware maganar asali.

A fagen aiki ma labarin ɗaya ne, kuma 'yan uwanmu na Birmingham sun gan shi da idonsu. A watan Satumban 2023 majalisar birnin, mafi girma a ƙasar nan, ta shelanta cewa asusunta ya gaza, kuma babban dalilin da ta bayar shi ne bashin da ya kai fam miliyan 760 na haƙƙin ma'aikata mata. Shekara da shekaru masu kwashe shara da masu share titi, yawancinsu maza, suna karɓar ƙarin alawus, masu dafa abincin makarantu da masu kula da tsofaffi, yawancinsu mata, ba sa samu, alhali matakin aikinsu ɗaya. Dokar daidaita albashi tana nan tun 1970. Babu wanda ya rubuta a takarda cewa a tauye mata. An dai ɗauka aikin da mace ke yi mai arha ne, sai da kotu ta sa aka yi lissafi. Mu kuwa ko lissafin ba mu fara ba. Tun shekarun 1960 mai bincike Polly Hill ta nuna a Batagarawa cewa cinikin hatsi da abinci mai yawa a cikin gidaje matan kulle suke yin sa, ta hannun yara masu talla. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, fura, ɗinkin hula, kiwon tumaki, adashi: dukiya ce da ke ciyar da gidaje da biyan kuɗin makaranta, amma mai ita in aka zo cike takarda sai a rubuta ba ta da sana'a, banki kuma ya ce ta kawo takardar fili.

Laifi tudu ne. Kafin mu gama hango na Abuja, mu dubi wanda muke takawa. Ku ɗauko jerin shugabannin ƙungiyar nan, ku ga inda sunayen mata suke. Walwala, ma'aji wani lokaci, shugabar mata kullum. Ranar Sallah su suke kwana kan tukunya, su ɗauko kuloli a bas, mu kuma mu hau mumbari mu yi jawabi kan makomar Arewa, mu rufe da godiya ga iyayenmu mata da suka ciyar da mu. Zaman shugabanni muna sa shi bayan isha'i a gidan cin abinci a Rusholme, mu kai sha ɗaya, sannan mu ce mata ba sa zuwa. Wadda ta fito daga ɗakin bincike ƙarfe biyar, ta ɗauko yara daga makaranta, ba ta da ƙanwa ko kaka a kusa, ta yaya za ta zo? Tun Janairun 2024 ma dokar biza ta hana yawancin masu karatun digiri na biyu zuwa da iyali, kuma kowa ya san wa wannan ya fi shafa: magidanci yakan bar iyali ya taho, uwa kuwa sau da yawa haƙura take yi da gurbin. Ƙungiyar da ke kiran kanta ta masu ilimi ba ta taɓa zama ta tattauna wannan ba. Mu da muke shirin komawa gida mu gyara jam'iyyu, ga shi mun kafa ƙaramar jam'iyya irin ta gida a tsakiyar Manchester, har da falon dare.

Saboda haka wannan jarida za ta gabatar da buƙatu a babban taronmu mai zuwa. A mai da zaman shugabanni ranar Asabar bayan azahar, a ɗakin jami'a, tare da damar shiga ta intanet ga 'yan Birmingham da masu jego. A ware wani abu daga kuɗin ƙungiya don mai kula da yara a lokacin taro. A rubuta a kundinmu cewa shugaba da mataimaki ba za su fito daga jinsi ɗaya ba, na tsawon zaɓe uku, daga nan a sake dubawa. Girkin Sallah kuma a raba shi bisa jerin sunaye, maza da mata, tun da duk wanda ya yi shekara a ƙasar nan ya iya dafa shinkafa. Mun san akwai waɗanda ba za su yarda da ta ukun ba, cikinsu har da mata, kuma shafin wasiƙu na fitowa ta gaba nasu ne. Masu niyyar tsayawa takara su miƙa sunayensu ga sakatare kafin ranar taron.